Gare ka, ƙanena mai tari bayan gudu

Duk ƙungiyar ƙwallon unguwa da ka sani, da wuya ka rasa yaro ɗaya a cikinta wanda ƙafarsa ta iya, idonsa yana ganin fili, amma ba ya kai ƙarshen wasa. Minti 10 na farko shi ne abin kallo. Daga nan sai ya fara dafa gwiwa. In an busa hutun rabin lokaci, maimakon ya huce kamar sauran, sai busasshen tari ya taso masa, ƙirji ya ɗaure, in ka matso kusa ka ji wani siririn fito yana bin numfashinsa. Abokai su ce ba shi da iska. Koci ya ce ragwanci ne, ya ƙara masa zagaye. A gida uwa ta ce sanyi ne, ta hana shi ruwan randa. Haka abin yake ga yarinyar da ta fara tsallen igiya don ta rage ƙiba, da saurayin da ke fita gudun asuba yana shirin shiga soja. Da yawansu bayan 'yan watanni sai su rataye takalmi, su yanke wa kansu hukuncin cewa jikinsu ba na motsa jiki ba ne.

Da ku nake, ƙannena maza da mata. Abin nan da ke kama muku ƙirji sananne ne a wurin likitoci: asma ce irin wadda motsa jiki ke tayarwa. Mafi yawan masu asma suna fama da ita, akwai kuma waɗanda ba su taɓa jin komai a ƙirjinsu ba sai ranar da suka yi gudu mai tsanani. Tsohon ciwo ne, don kusan shekara 2,000 ke nan da wani likitan Girka mai suna Aretaeus ya rubuta bayanin mutanen da numfashi ke yi wa wuya in sun yi gudu ko aikin ƙarfi. Yau an san yadda yake faruwa daki-daki, akwai kuma maganin da ke tare shi tun kafin ya taso. Abin da ke damuna shi ne yawan matasan da ke barin fili, ko suke kasada da ransu a cikinsa, saboda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

Yanzu da kake zaune kana karatu, iskar da kake shaƙa a minti ɗaya ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba, kuma ta hanci take shiga. Allah Ya tsara hanci ya tace ƙurar da ke cikinta, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta da laima kafin ta gangara huhu. Da zarar ka kama gudu da gaske, jiki na iya neman fiye da lita 100 a minti ɗaya. Hanci ba zai iya da wannan ba, dole baki ya buɗe, sai iska ta riƙa kwarara cikin ƙirji a bushe. To hanyoyin iskar da ke cikin huhu a lulluɓe suke da ɗan ruwa-ruwa, busasshiyar iskar nan kuwa ɗebe shi take yi da sauri, yadda iskar hunturu ke busar da wankin da aka shanya kafin a gama wanke sauran. A jikin mafi yawan mutane wannan ba ya jawo komai. A jikin mai wannan lalura, bushewar na tsokano wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a bangon hanyoyin, su saki sinadarai irin su histamin, naman da ya zagaye hanyoyin ya tsuke, bangon ya kumbura, majina ta taru. Hanya ta ƙuntata, iska na kutsawa da ƙyar, musamman wajen fita. Fiton da kake ji ke nan. Wata masaniya 'yar Ostireliya, Sandra Anderson, wadda ta shafe shekaru a Sidni tana bincike a kan wannan, tana kan gaba cikin waɗanda suka nuna cewa asarar ruwan nan ce tushen abin, fiye da sanyin iskar kansa.

Alamar da za ka iya lura da ita da kanka ita ce lokacin da abin yake zuwa. Wanda jikinsa bai saba da gudu ba yakan yi haki yana cikin gudun, in ya tsaya minti 2 ko 3 numfashinsa ya dawo, ya hau hira. Mai asmar motsa jiki sau da yawa lafiya lau yake farawa, domin jiki in yana aiki yakan saki sinadaran da ke buɗe hanyoyin iska. Sai ya daɗe yana gudun, ko ma bayan ya tsaya, sannan abin ya sauko masa. Yakan fi tsanani tsakanin minti 5 zuwa 15 bayan an daina, ya sassauta da kansa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi. Wani ma ba ya jin fito ko kaɗan, tari ne kawai ke raka shi har gida duk ranar da ya yi atisaye. In ka ga abokanka sun huce suna shan ruwa, kai kuwa a lokacin ne ƙirjinka ke ƙara ɗaurewa, ƙarin zagaye ba zai gyara maka komai ba.

Mu mazauna ƙasar Hausa wannan batu na bushewa ya shafe mu ƙwarai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, iskar arewa maso gabas na sauko mana daga Sahara da ƙurar da mai yawa daga cikinta ke tashi daga kwarin Bodele na arewacin Cadi. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, laimar da ke cikin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta takan haura kashi 70. Sanyi, bushewa da hazo sun haɗu wuri guda, kuma a daidai wannan lokacin ne matasa suka fi son gudun asuba don babu zafi. Sai su bi bakin kwalta, ga hayaƙin manyan motoci da na A Daidaita Sahu, ga masu jin ɗumi sun kunna taya da robobi, ga juji yana ci. Na sha jin yaro yana mamakin yadda yake buga minti 90 da damina amma da hunturu ba ya kai rabin awa, har ya fara zargin ko jifansa aka yi. Iskar da yake zuƙa ce ta canza.

Kada wani ya ce maka zaɓen iskar da za ka yi gudu a cikinta tsoro ne. Haile Gebrselassie na Habasha, ɗaya daga cikin manyan 'yan gudun dogon zango da Afirka ta taɓa haifa, yana da asma. A 2008 ya janye daga gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta Bejin, ya faɗa a fili cewa gurɓatacciyar iskar birnin na iya cutar da ƙirjinsa in ya yi kilomita 42 a cikinta, ya tsaya a tseren mita 10,000 kawai. A Satumbar wannan shekarar ya je Balin ta Jamus ya gama fanfalaki a awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59, ya zama mutum na farko da ya sauka ƙasa da awa 2 da minti 4. Kuma ba kai kaɗai ba ne a nahiyar nan. A Kumasi ta Gana an sa 'yan makaranta gudun minti 6 ana auna numfashinsu kafin gudun da bayansa: a 1993 an samu lalurar a jikin kashi 3 cikin 100 da 'yar ɗoriya, a 2003 ta haura kashi 5. A makaranta mai ɗalibai 1,000, yara 50 ke nan.

Kafin mu kai ga magani, sai na ja kunnenka. Ba duk sarƙewar numfashi a fili ce asma ba, wasu masu kama da ita ma sun fi ta haɗari. In kana jin zafi a tsakiyar ƙirji yayin gudu, ko zuciyarka na bugawa barkatai, ko jiri ya taɓa kayar da kai, ko a danginku an taɓa samun matashin da ya faɗi ya rasu farat ɗaya, ka dakata da atisaye sai an duba zuciyarka. Iyayenku ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana tsakiyar wasa da Angola, bai kuma tashi ba. Nwankwo Kanu kuwa likitocin Inter Milan ne suka gano masa matsalar zuciya a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya ƙara shekaru masu yawa yana buga ƙwallo. Tarin da ya wuce mako 2, da rama, da gumin dare, ko jini a majina, wannan gwajin tibi yake nema. Ƙarancin jini ma na sa haki, musamman ga 'yan mata da masu sikila.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka zama likitan kanka, kada kuma mai kemis ya zama likitanka. Gwajin ba mai wahala ba ne. Za ka hura iska da iyakar ƙarfinka cikin wata na'ura mai auna abin da ka fitar a daƙiƙar farko, a sa ka gudun minti 6 zuwa 8, sannan a riƙa maimaita hurawar har zuwa rabin awa. In abin da kake fitarwa ya ragu da kashi 10 cikin 100 ko fiye, magana ta tabbata. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da likitocin ƙirji. In sun yi maka nisa, akwai 'yar na'urar hurawa ta hannu da nas za ta iya koya maka aunawa da ita kana rubutawa a takarda. In ka zauna gaban likita kuma ka faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tarin dare, atishawar safe, shisha ko sigari in kana sha, da ƙwayoyin da ka saba saya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato inhela, 'yar na'urar da ake fesa magani da ita ana shaƙa. Na ga matasa da dama da likita ya rubuta musu ita, suka saya, suka tura ta ƙasan jaka, ba za su taɓa fito da ita gaban abokai ba. Wani sai ya zagaya bayan katanga ya shaƙa a ɓoye, shi ma sai ƙirjin ya riga ya ɗaure. An cusa mana cewa wai in ka fara ba ka dainawa, wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita, wai tana kashe zuciya. Duk ba haka ba ne. Maganin da ke cikin shuɗiyar inhelar nan, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, ba ya sa maye, jiki ba ya kamuwa da jarabarsa. Aikinsa kawai ya sassauta naman nan da ya tsuke. Fesawa ɗaya maikurogiram 100 ce, kuma kai tsaye take zuwa inda ciwon yake. Ƙwayar salbutamol da ake saya a kemis, wadda mutane suka fi sakin jiki da ita don ba mai ganinsu suna sha ya gane, miligiram 2 ce ko 4, wato ninki 20 ko 40, kuma sai ta bi jini ta zagaye jiki kafin ta isa huhu. Ita ce ma ta fi kawo rawar hannu da bugun zuciyar da ake ɗora wa inhela.

Ga mai asmar motsa jiki, babban amfaninta kafin a fara ne. Fesawa 2, kamar minti 15 kafin ka shiga fili, kan tsare ƙirji na awa 2 zuwa 4 a wurin mafi yawan mutane. Amma sai an iya shaƙar. Ka girgiza ta, ka fitar da numfashinka, ka kama bakinta da leɓɓanka, ka danna daidai lokacin da ka fara jan iska a hankali har ƙirji ya cika, ka riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, ka jira rabin minti kafin ta biyu. Da yawa harshensu kawai suke fesa wa, sannan su ce maganin jabu ne. Akwai wani bututun roba da ake sa wa tsakanin inhela da baki wanda ke sauƙaƙa wannan duka. In ba a same shi ba, gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita ta wadatar. Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a wani asibitin yara na Afirka ta Kudu sun gwada haka, suka wallafa a mujallar Lancet a 1999 cewa gorar da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki yadda bututun kanti ke yi. Ka nemi nas ta nuna maka.

Sai dai shuɗiyar nan tana da iyaka, a nan kuma masu ƙwazon atisaye suka fi yin kuskure. Tana buɗe hanya amma ba ta taɓa kumburin da ke bangonta, kuma in ana shaƙarta kullum kariyar da take bayarwa takan fara gajarta. In kana neman ta kusan kowace rana, ko tari na tashe ka da dare, ko kana ƙarar da inhela 3 ko fiye a shekara, asmarka ba ta kwanta ba, haɗarin mummunan tashi kuma ya ƙaru. A nan ake buƙatar inhela ta biyu mai ɗauke da magani irin su budesonide ko beclometasone, wadda ke kwantar da kumburin a hankali cikin makonni. Tun 2019 kwamitin masana asma na duniya da ake kira GINA ya daina ba da shawarar a bar babba ko matashi da shuɗiya kaɗai, ya fifita wadda ta haɗa budesonide da formoterol a jiki ɗaya, ita ma kuma ana iya shaƙarta kafin motsa jiki. Za ka ji an kira irin wannan magani sitiroyid, kada gabanka ya faɗi. Ba dangin wanda wasu masu ɗaga ƙarfe ke tsira wa kansu don ƙara ƙwanji ba ne, kuma ɗan abin da ake shaƙa bai kai ko kusa da ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da mutane ke haɗiya wata da watanni ba tare da likita ba, har fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau. Ka dai kurkure bakinka ka tofar bayan kowace shaƙa.

Na san akwai batun kuɗi. Tun da kamfanin GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabi. Ka riƙe sunan maganin, ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani irin na wasu kamfanonin masu rajistar NAFDAC da suka fi araha. Saurayin da ya iya tara kuɗin takalmin ƙwallo, ina ganin inhela ce ya kamata ya fara saya.

Mu koma kan kunyar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kuma yi ajalin 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma yi masa magani yadda ya kamata. A inda aka saba da maganin shaƙa kuwa, masu asma har kambun duniya suke ɗauka. Paula Radcliffe ta Ingila tana da shekara 14 aka gano mata asmar motsa jiki, a 2003 ta gama fanfalakin Landan a awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, bajintar da ta shekara 16 ba macen da ta karya. Jackie Joyner-Kersee ta Amurka, mai lambobin Olamfik 6, wadda maki 7,291 da ta ci a gasar wasanni bakwai ta 1988 har yau ba a kamo shi ba, labarinta ya fi kama da naku: ta sha faɗa cewa da farko ƙin yarda ta yi tana da asma, tana wasa da maganinta, sai da ciwon ya kai ta asibiti sannan ta ɗauke shi da gaske. Masu bin ƙwallo kuma sun ga hoton David Beckham yana shaƙar inhela a wasan ƙarshe na gasar Amurka a 2009. Ko WADA, hukumar da ke hukunta 'yan wasa masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ta halatta shaƙar salbutamol har maikurogiram 1,600 a awa 24, muddin bai wuce 600 a awa 8 ba. Haɗiyar ƙwayarsa ce ta haramta.

Ke kuma ƙanwata, na san naki nauyin ya fi. Ana hana ki fito da inhela don kada maganar ta kai gidan masu neman aure. A makaranta da an ji kina tari sai a ce ki zauna a inuwa har a gama wasanni, shekara ta bi shekara, ƙiba ta shigo, ƙibar kuma ta ƙara wa asmar ƙarfi. Asma ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta a kofi ko a kwano, ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa. Ki yi tsallen igiyarki da tafiyarki. Ki dai lura da hayaƙin murhu, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da ƙurar shara, ki yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin ki kama tsintsiya.

Bayan magani sai tsarin atisayen kansa. Ɗumama jiki shi ne farko, ba kuma miƙe-miƙen minti 2 da ake yi don koci ya gani nake nufi ba. Ka ba shi minti 10 zuwa 15: sassarfa, sannan gajerun gudu masu ɗan ƙarfi na kamar daƙiƙa 30 kana hutawa tsakaninsu. A wurin kusan rabin masu wannan lalura, in aka ɗan tsokani hanyoyin iska a hankali haka, sukan yi kusan awa 2 ba sa saurin tsukewa ko an yi gudu mai tsanani. Ka gwada ka gani ko kana cikinsu, amma kada ka ɗauke shi madadin magani. In ka gama kada ka tsaya cak, ka sauko da tafiya. Da hunturu ka jira sanyin asuba ya sake, ka nemi fili nesa da titi, ranar da hazo ya rufe gari kuma ka yi naka a cikin ɗaki. Ka rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri ko takunkumi, don yana riƙe ɗumi da laimar numfashin da ka fitar ya mayar maka. Buzaye da fatake masu jan amawali a hanyar hamada sun daɗe da sanin amfanin wannan. In hancinka kullum a toshe yake da atishawa, a yi maganinsa, shi ma reshen ciwon ne.

Gudu mai tsawo ba tsayawa shi ya fi tayar da asmar. Ɗaga ƙarfe, ƙwallon raga da kokawa sun fi sauƙi saboda ana yi ana tsayawa, ninƙaya ma haka saboda laimar da ke saman ruwa. Ban ce ka bar wasan da ranka ke so ba. Ka fara daga inda ƙirjinka ya yarda, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Motsa jiki ba ya warkar da asma, amma jikin da ya horu iska kaɗan yake nema a kan gudun da a da yake sa shi haki, sai iyakar da ƙirjin ke ɗaurewa ta riƙa matsawa gaba.

Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda 'yan ƙwallo ke haɗiya bayan wasa ba tunani, suna tayar wa wasu masu asma da ciwon sosai. In ka taɓa lura da haka ka guje su gaba ɗaya, ka tsaya ga farasitamol. Mura kan bar hanyoyin iska da saurin tsukewa na makonni bayan ta tafi, don haka kada ka koma cikakken atisaye washegarin da zazzaɓi ya sauka. Shisha kuwa, ruwan da ke gindinta ba ya tace abin da zai cece ka. Da azumi ka mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki. Malamai sun yi saɓani a kan ko inhela na karya azumi: Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun tafi a kan ba ta karyawa, wasu sun ce a rama. Ka tambayi malaminka tun kafin wata ya kama, amma babu malamin da zai ce ka zauna numfashinka na sarƙewa kana jiran magariba.

Ga mai shirin shiga soja ko ɗan sanda, ba zan yi maka alkawarin kowace ƙofa za ta buɗe ba, domin ana gwajin lafiya, kuma rundunonin ƙasashe da yawa suna tsananta duba asma. Roƙona shi ne kada ka ɓoye. Horon sababbin sojoji irin na Zariya watanni ne na gudu da ƙura da ƙarancin barci, a can kuma ba kai ke zaɓen lokacin atisaye ba. Wanda ya shiga da asmar da ba a kwantar ba, ya bar inhela a gida don kada a gani, ya kai ransa inda ba wanda ya san abin da zai yi masa in ya faɗi. Mai tafiya sansanin bautar ƙasa shi ma ya riƙe takardar likitansa, ya nuna a asibitin sansani tun ranar farko.

Wannan na ƙarshe ina so ka karanta wa kocinka da babban amininka a ƙungiya. Inhela a bakin fili take zama, cikin jakar da kowa ya sani. In ƙirjin mai asma ya ɗaure ana cikin wasa, a tsaya nan take. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko zuma. Ya shaƙi fesawa ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa 10 in da buƙata, ta cikin gora in akwai. In ya kasa yin magana ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, ko leɓɓansa da harshensa sun koma toka-toka, ko ya fara rikicewa ko gyangyaɗi, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta fama, ko an kai fesawa 10 ba sauƙi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a kan duk abin hawan da ke wurin, ana ci gaba da ba shi inhelar a hanya. Ɗaukewar fiton nan mutane kan zaci sauƙi ne, alhali wani lokaci iskar da ke wucewa ce ta yi ƙarancin da ba ta ma iya yin ƙara. Ko da ya warware a bakin fili ya ce zai koma, wasan ranar ya ƙare masa, kuma cikin kwana 2 ya ga likita a sake duba maganinsa.